Wanda Ya Hau Namijin Dabino

Don girman Allah ku ɓoye sunana. Ko akwai wadda ta gane ni a cikinku ta yi kamar ba ta gane ba, ta haɗiye, na haɗa ta da darajar iyayenta. Wayar ma ba tawa ba ce, ta Inna ce, ta manta da ita a caji ta tafi suna Nasarawan Doya. Kuma ban iya rubutu sosai ba, a aji huɗu aka cire ni, in kun ga ba daidai ba ku karanta haka nan... ni ba ma shawara nake nema ba, ban san me nake nema ba, kawai dai in ban faɗa wa wani ba ƙirjina zai...

Ga shi nan ya sake. Ƙarar. Ku ba za ku ji ba. Yaya Zayyad ne, yayana ciki ɗaya, yana zaune bayan rumbu yana wasa adda a kan dutse. Ya tura, ya ja, ya tofa yawu, ya tura. Tun da aka idar da azahar. Addar saran rake ce fa, wadda ko jiya za ta aske gashin hannu, to me kuma ake wasawa? Da ido ɗaya yake kallon bakinta. Ɗayan yana ƙarƙashin auduga da filasta, kuma ba zai ƙara buɗewa ba. A asibiti an gaya wa Inna, Inna ba ta gaya masa ba, shi kuma ya sani.

Baffa Yahuza yake jira. Ƙanen Baba. Ya tafi kasuwar Makarfi da babur, in an yi la'asar zai dawo. Zai kashe babur a ƙofar gidansa, ya sunkuya yana kwance kaya, ƙeyarsa a waje... Yaya bai ce wa kowa zai yi ba. Ba sai ya ce ba.

A kan dabino fa. Icen dabino.

Ina ɗakin Kaka, na saya ƙofa. Ba mai shigowa nan tun da ta rasu sai ni da kaji. Ta taga ina ganin macen, tamu, ga ta nan a tsaye, furenta yana zuba a ƙasa fari-fari kamar an watsa tsaki, kaji suna bi suna tsattsagewa. Bayan katanga kuma namijin. Abin da ya rage nasa. Kansa ya faɗa ciki, rassan sun rataye kamar hannun wanda aka ɗauko daga rijiya.

Kaka, da kina nan da... a'a, da kina nan ai babu katangar ma.

Ke kika shuka su. Ƙwallo biyu daga dabinon da aka raba ranar sunan Yaya, kika tsotse kika ƙi yarwa, kika tona kusa da rijiya. Mutane suna dariya, wai Nana ta fara rikicewa, mu da muke mutanen rake da masara ina mu ina dabino, wannan ai sai can arewa inda rairayi yake. Kika ce to ku bar ni da haukata. Kuma shi dabino in daga ƙwallo aka shuka ba a sanin mace ne ko namiji, sai ya yi shekaru, sai ranar da ya fitar da fure. Kina ta ba su ruwa ba ki san wa kike reno ba. Ashe ɗaya mace ɗaya namiji. Kin ce ranar da kika gani sai da kika yi guɗa ke kaɗai a tsakar gida, har Baba ya fito ya ce wa ya haihu.

Ke kika koya min komai nasu. Yarinya, zagaye gindin da kwari kamar kwano, ruwa ya zauna. Ruwan wanke-wanke ki ba ta amma ban da mai omo. Kashin awaki wanda ya bushe, ɗanye ƙona ta zai yi. Toka kaɗan. Ƙafarta a ruwa, kanta a wuta, haka take so. In ta ɗauki 'ya'ya a sa musu riga da tsohon buhu, in ba haka ba jemagu su riga mu. Yau ma na ba ta ruwa, Kaka. Da safe. Rabi ya zube a ƙafata amma na ba ta. Ban san don me ba. Ba abin da za ta haifa bana.

Ya tsaya...

A'a. Juya addar ya yi. Ɗaya gefen.

Yaya ne mai hawa. A duk garin nan shi kaɗai ne mai hawa, wannan shi ne abin da ya kashe mu. Tun yana ƙarami Kaka ta koya masa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya fara sare ƙayoyin gindin rassa, don ƙayar dabino tsawon yatsa ce kuma tana da dafi, in ta soke ka wurin sai ya kumbura ya yi ruwa. Idan kuben namijin ya fashe, kube dai irin na wuƙa haka furen yake zuwa a ciki, sai ya hau ya yanko. Gari yana zubo masa a kai, fari kamar garin dawa, ya sauko kamar tsoho mai furfura. Sai ya hau macen, ya sa silin namijin a tsakiyar furenta kai ƙasa, ya kaɗa, ya ɗaure da ganye. Ni ina ƙasa da ƙwarya. Kaka tana kan tabarma tana cewa yau ɗaurin aure, ina waliyyin amarya? Ni ce waliyyin amarya. Yaya yana sama yana ihu, Kaka angon nan fa bai kawo lefe ba. Ta ce rufe min baki ja'iri, sa'anka ne, rana ɗaya aka raɗa muku suna, kai me ka tara?

Abokina yake ce masa. Namijin. In ya dawo daga gona sai ya buga masa tafi a jiki ya ce abokina ya zafi. Shi ne wai zai kashe shi? Shi?

Kaka tana rasuwa aka raba gida. Igiya aka ja daga zaure zuwa bayan gida, igiyar ta bi ta tsakaninsu, mace ta faɗo wajenmu namiji ya faɗa wajen Baffa. Ba wanda ya ce a karkata igiyar. Aka gina katanga da jar ƙasa, doguwa, har da fasassun kwalabe a wani wajen. Shekarar farko Baffa ya bari Yaya ya shiga ya yanko furen. Da 'ya'ya suka nuna sai ga shi a zaure, wai ina rabonsa. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce wa Baba, Yaya Tukur, a ina ka taɓa jin 'ya'ya na gidan uwa ne? 'Ya'ya na uba ne, ubansu kuwa a gidana yake. Baba ya ce to in bunsurunka ya bi akuyata, kai kake zuwa ɗaukar 'yan awakin? Baffa ya ce bunsuru da ƙafarsa yake zuwa, nawa sai an hau an yanko. Baba ya ce ashe kai ma ka san ba ya iya komai da kansa, ya yi gadon mai shi. Mutanen zaure suka yi dariya. Da ma ba su yi ba. Baffa ya miƙe ya kaɗe riga ya ce daga yau ko iska ce ta ɗauko garinsa ta tsallaka katangar nan, bai yafe ba.

Shi Baba ba ya ihu. Ku da ba ku san shi ba za ku ce ga salihi, yana tafe yana jan ƙafar hagu, gwiwarsa ta lalace tun yana saurayi, kowa sannu Malam, ya ƙafa Malam. In zai yi abu shiru yake yi. Ranar da akuyar Inna ta ci ɗan tsiron da ya fito a gindin macen, alwala yake yi. Ya gama alwala, ya ɗauki taɓarya, ya je inda take ɗaure. A gadon baya. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Tana jan gindi da ƙafafun gaba tana kuka irin na jariri, ya hana a yanka ta sai da rana ta faɗi. Inna ta ce Malam ko don Allah. Don Allah ɗin nan kawai ta ce. Haƙorinta na gefe har yau babu, in tana dariya da mayafi take rufewa, mutane suna cewa kunya ce.

To ni na gan shi.

Na rubuta. Ga shi nan na rubuta, yatsana ya danna. Ni na ga wanda ya hau namijin, kuma ba Yaya ba ne.

Ranar Juma'a ce. Maza duk sun tafi masallaci Dandamisa, har Yaya. Matan gidan Baffa sun tafi biki, Inna ma ta bi su ta baya don kar a ce. Baba ya ce gwiwa ta tashi, ba zai iya zuwa ba. Ni ya ɗauka na bi Inna, alhali marata ce take ciwo, na shigo nan na kwanta a ƙasa. Rana tsaka, gari tsit, ko zakara ba ya cara. Sai na ji ana jan abu. Na leƙa ta tagar nan, wannan da nake kallo yanzu.

Tsani. Sabo fil, na icen turare, ɗanye, ɓawon ma ba a gama ɓarewa ba. Ban san inda ya haɗa shi ba, ban san yaushe ba. Ya jingina a katanga inda babu kwalabe. Ya ɗaura galan a baya da rawani, galan ɗin maganin feshi, mai kashe ciyawa, ragowar na damina. Da guntun rodi a hannu. Ya hau. Kaka, ya hau. Ƙafar da ba ta iya zuwa masallaci. Yana ɗaga ta da hannu yana ɗorawa, mataki-mataki, haƙoransa a waje. Ya zauna a kan katanga ya ja tsanin sama, ya jingina shi a jikin namijin, ya ƙara hawa har ya kai kai.

Ke kika ce kowane ice in an sare shi zai tofo, ban da dabino. Dabino zuciya ɗaya gare shi kamar mutum, kuma a ka take, can tsakiya inda sabon ganye yake fitowa. In an taɓa nan shi ke nan. Shi ma ya ji ki kina faɗa. Ashe yana saurare.

Ya soka rodin. Ya danna da ƙirjinsa, ya murɗa, ya zare, ya sake sokawa, ya sake... kamar mai huɗa ƙasa mai tauri. Ina jin ƙarar, cak, cak, abu mai ruwa. Ƙaya ta yage masa hannun riga bai ko duba ba. Sai ya kwance galan ya tuttule duka, har yana bubbuga gindin galan ɗin kar ɗigo ya rage. Fuskarsa... ba fushi fa. Da fushi ne da na gane. Irin fuskar da yake yi in yana cin rake.

Na kwanta na ja tabarma na rufe kaina. Ina jin gatari a bayan gida. Da yamma ya zo madafi da icce a rungume, ya zube a gabana, ya ce ga shi ki yi tuwo da shi. Na gane su. Har da ƙusa a jikin wasu. Ɗanye ne, ya ƙi kamawa, hayaƙi kawai, ina hurawa ina hawaye Inna tana cewa wannan wane irin icce ne. Na tuƙa tuwon. Muka ci. Yaya har ya nemi ƙari, ya ce yau tuwon ƙanwata ƙamshin turare yake.

Rigar ma ni na wanke. Wari kamar an buɗe shagon magani. Na ɗauki ruwan na nufi gindin macen yadda na saba, sai da na kai na tuna, na tsaya, na juya na kai shi can bayan gida. Ko ɗigo ban ba ta ba, Kaka, wallahi.

Caji ya koma ja, da ma bai cika ba. Bari in yi sauri.

Shi namijin bai nuna ba da wuri. Abin da ya fi ba ni tsoro kenan. Kullum in na fito shara sai in ɗaga kai, yana nan kore shar, iska tana kaɗa shi, ni kaɗai na san gawa ce a tsaye. Har na fara cewa ko mafarki na yi. Ko ciwon mara ne ya sa na ga abin da babu. Yaya yana wucewa ta jikin katanga yana ɗaga masa hannu, abokina an raba mu, ka yi haƙuri... Sai ganyen tsakiya ya yi fari. Sai ƙudaje. Sai warin ya tsallako har wajenmu, kamar mushe. Zulai, 'yar Baffa, ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa, ta raɗa min ta rariyar katanga, nan muke magana tunda an hana mu. Ta ce babanta ya sa an zaƙulo da ƙugiya, ganyen tsakiyar ya zare da kansa kamar ruɓaɓɓen haƙori, baƙin ruwa yana bi, da warin maganin feshi. Ta ce ya zauna a ƙasa ya daɗe. Sannan ya ce a garin nan wa yake hawa?

Wa yake hawa. Ko yaron goye ka tambaya.

Da safe ne. Yaya yana tsugune a ƙofar gida yana asuwaki, ko riga babu. Ni na fito da bokiti zan je rijiya. Baffa ya fito da reshen namijin, ya riƙe ta wajen ganye, gindin mai ƙayoyi yana gaba. Bai yi sallama ba. Na farko a baya. Na ga ƙayoyin sun shiga sun fito, layi-layi, fari tukuna sannan jini ya biyo. Yaya ya miƙe. Ya fi Baffa tsawo, ya fi shi ƙarfi, mutumin da yake ɗaukar damin rake shi kaɗai. Amma ya sa hannuwa a baya. Don ƙanen ubansa ne. Yana cewa Baffa me na yi, Baffa tsaya ka ji, Baffa don Allah. Baffa yana cewa uwata ce ta shuka shi, ɗan banza, da hannunta, uwata. Yana duka yana kuka. A kafaɗa, a wuya, a ƙirji. Yaya ya juyo zai ce wani abu, daidai lokacin...

Ba ƙara mai yawa ba ce. Kamar an fasa tumatir. Ƙayar ta karye a ciki. Ya durƙusa ya tallafe fuska, abu yana bin tsakanin yatsunsa, ba jini kaɗai ba, da wani ruwa fari. Bai yi ihu ba, cewa kawai yake Inna, Inna, a hankali, kamar yana tashinta daga barci. Asuwakin yana nan a bakinsa.

Baba yana tsaye a bakin zaure. Da carbi. Yana ja. Na kalle shi, na ce yanzu zai ce ni ne. Yanzu. Ɗansa ne fa, ɗansa na fari. Yana jan carbi, ƙwaya tana bin ƙwaya. Sai da mutane suka taru suka riƙe Baffa sannan ya jawo ƙafa ya zo yana innalillahi, Yahuza me yaron nan ya yi maka.

Ni kuma bakina ya buɗe, na ji ya buɗe. Iska ce kawai ta fito.

Mai unguwa ya ce a dakata, za a zauna. A waje Baba cewa yake mun bar wa Allah, jini ɗaya ne, ba za mu kai ƙara ba. Har ana yaba masa, kai Malam Tukur akwai haƙuri. A cikin gida kuwa... ba ya kallon Yaya in zai faɗa, kwano yake kallo. Ya ce wa Inna, Asibi, ki ƙara wa majinyaci kunu, ki sa masa sukari, kar ya wahala. Gobe kuma, mu a zamaninmu wanda aka tsiyaye wa ido ba ya kwana a ɗaki, amma yanzu zamani ya canza. Jibi kuma, in akwai zanen da ba kya so ki ba shi, zai fi masa sauƙi da wando. Inna tana sunkuyar da kai. Yaya yana riƙe da kofi, jijiyar wuyansa tana motsi.

Dutsen da yake wasawa a kai ɗin nan, a ƙarƙashin gadon Baba yake zama. Yau da hantsi na gan shi a bayan rumbu. An ma zuba masa ruwa. Yaya ba ya shiga ɗakin Baba.

To ku gaya min. A'a kar ku gaya min, na san me za ku ce, ki faɗi gaskiya, gaskiya dokin ƙarfe. Wa zan faɗa wa? In na fita yanzu na tsuguna a gaban Yaya na ce Yaya ba Baffa ne ya fara ba, Baba ne ya hau, da idona na gani, kuma yana tsaye aka cire maka ido bai ce komai ba... addar tana hannunsa fa. A washe. Baba yana kwance a ɗakinsa, taku kaɗan. Ina za ta nufa? Ɗa da ubansa? Wannan ko lahira ba a... Kaka, gara wanne? Ɗanki na fari ko ɗanki na biyu? Duka ke kika haife su, zaɓa min, ni ba zan iya ba.

In na je rariya na kira Zulai na ce ki sa a tare babanki a hanya kar ya dawo. Zai dawo. Baffa ne fa. Zai dawo da mutane, kuma yana da bindigar da yake harbin gafiya da ita a gonar rake, Yaya kuma ta gefen dama ba ya gani, ko mutum ya tsaya a nan bai sani ba, jiya ma da ƙofa ya yi karo. Lambar Baffa ma babu a wayar nan, Baba ya sa Inna ta goge a gabansa. In kira mai unguwa? In ce masa me, wa ya aiko ki, 'yar wa ce ke, je ki turo babanki.

In kuma na yi shiru... shirun nan dai na iya shi. Na yi shi ranar Juma'a, na yi shi ranar bokiti.

Furen yana ta zuba. Ga wani ya faɗo yanzu. Kin ce in kubenta ya fashe ba ta daɗewa tana jira, 'yan kwanaki ne, in ba a kawo mata ba sai ta rufe, abin da zai fito ƙanana ne marasa ƙwallo, ko akuya ba ta so. An ce akwai namiji a Likoro, gidan wani mutum. Wa zai je? Wa zai hau? Mai ido ɗaya ba ya hawa, ba zai ga ƙaya ba. Na ɗauka Baba mantawa ya yi. Na ce fushi ne ya rufe masa ido, bai tuna in ya kashe na Baffa tamu ma ta tashi a banza ba. Kullum ina jira in ga ya tsaya a gindinta ya ciji yatsa. Ɗazu ya wuce zai kama ruwa, ya taka furen da takalmi, ko sama bai kalla ba.

Bai manta ba. Da ma ba dabinon yake so ba.

Takalmi...

Tsaya. Silifas ɗina. Ranar Juma'ar nan. Da na shigo ɗakin nan ciwo ya ishe ni, wurgi na yi da su a bakin ƙofa, ɗaya nan ɗaya can, ɗayan ma a kife, na tuna don har na ce bari in gyara Kaka ba ta son takalmi a kife, ban iya ba. Da na fito da yamma... a jere suke. Kusa da juna, bakinsu yana kallon waje, yadda ake jera wa baƙo. Na sa ƙafa kawai na wuce. Sai yanzu. Sai yanzu nake...

Ranar babu kowa a gidan sai ni da Baba.

Ya sani. Tun ranar ya sani. Shi ya sa bai kai iccen bayan gari ba, bai jefa a rijiya ba, ni ya kawo wa. Ki yi tuwo da shi. Yana tsaye a kaina har sai da na sa na farko a murhu. Ranar bokiti ma da na kalle shi, ba Yaya yake kallo ba, ba Baffa ba. Ni yake kallo. Yana jan carbi yana kallona, yana jira ya ga ko akuyar Inna ta koya min karatu.

Kuma shi ba ya hawa da ƙafarsa, ƙafarsa ba ta kai shi. Sai ya sami abin takawa. Ya haɗa shi a ɓoye, a hankali, ƙusa bayan ƙusa, ya jingina, ya taka ya kai inda yake so. In ya sauko ya sa gatari. Kunu da sukari, zane, dutse da ruwa a kai... Kaka, tsani yake haɗawa. Yaya ne. Yaya ne tsanin. In an gama za a zo da motar 'yan sanda a tafi da shi, ko a kawo shi a kan ƙofa, Baba yana bakin zaure da carbi, yaro ne ya fi ƙarfina, kun dai ga ƙafata. In babu Baffa, gidansa babu namiji babba. Katangar jar ƙasa ce, damina ɗaya ta isa, gidan duka ya koma hannun Baba.

Ni kuma a sake kawo min in hura.

An kira la'asar. Ban ji farkon ba, ƙarshen na ji. Akwai ƙarar babur can wajen gada, ban san ko nasa ba ne, nasa yana da tari-tari haka... wannan ma yana da shi. Ƙafafuna sun mutu, na zauna a kansu. In na buɗe taga na ce Yaya da ƙarfi zai ji. Yaya kawai. Sauran ban san me zai biyo ba, ban shirya ba, wace kalma ce ta farko, Baba ko tsani ko...

Ƙarar addar ta tsaya.

Ba juyawa ba ce wannan. Ta tsaya.

Kaji sun watse daga gindin macen. Akwai mai tahowa. Ba wajen zaure ya nufa ba, nan ya nufo, ɗakin nan, kuma silifas ɗina suna bakin ƙofa, na sake barinsu, wayyo ni... taku ɗaya, sai ja. Taku ɗaya, sai ja. Don Allah ko me kuka ji an ce ya faru a garinmu ba ku san ni ba, ban taɓa